Tsakuwar Malam Mai Dubu

A wani daji da ke tsakanin rafi da duwatsu akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta kuwa ake karantar da 'ya'yan dabbobi da na tsuntsaye. Malamin wurin shi ne Malam Zalɓe, dogo, siriri, mai tsayuwa da ƙafa ɗaya in yana ba da karatu, wai hakan ya fi kwarjini. Damina ashirin da biyu ya yi yana koyar da ƙirga. Ya ce ɗaya, yara su ce ɗaya, ya ce biyu, su ce biyu, haka har dubu, cikin waƙa mai daɗi, ba tuntuɓe. A yi masa adalci, bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa korar yaro don iyayensa ba kowa ba ne. Sai dai in Zabuwa ta ce wa ɗanta ya duba mata ƙwai nawa ne a sheƙa, yaron zai runtse ido ya kama waƙa, sai ya kai arba'in da wani abu kafin ta tsayar da shi, ƙwai kuwa tara ne. Ba wanda abin ya dama, don kowa da haka ya tashi.

Akwai wata al'ada a dajin. Ranar yaye, wato ranar da yara ke gama makaranta, kowane yaro zai ɗauko tsakuwa ɗaya daga rafi ya ajiye a gaban wanda ya koya masa. Tun da malami ɗaya ne, duk a gaban Malam Zalɓe ake ajiyewa, har tsakuwa ta yi tsibi a gindin tsamiya. Shekara biyar da suka wuce Hankaka, magatakardan majalisar daji, ya karkata kai ya dubi tsibin nan ya ce, "Wannan ai ta yi dubu." Majalisa ta yi na'am, aka yi biki, aka naɗa Malam Zalɓe Mai Dubu. Ba wanda ya ƙirga, shi ma bai ƙirga ba. Amma kullum da safe sai ya kewaya tsibin sau uku kafin ya fara karatu, ƙuda ma bai yarda ya sauka a kai ba.

A wannan shekara yara goma sha huɗu ne za a yaye, cikinsu har da jikarsa Lanti, 'yar zalɓe mai surutun tsiya, wadda yake ji da ita fiye da fuka-fukansa. Tun tana cikin ƙwai yake ɗokin ranar da za ta ajiye tata tsakuwar a gabansa. Har ya zaɓi wurin da zai ɗora ta, can a ƙololuwar tsibi.

Wata rana da la'asar Lanti ta dawo gida baki duk laka.

"Amarya, wace kwalliya ce wannan?" in ji Malam Zalɓe, irin wasan kaka da jika. "In haka za ki riƙa yi na fasa auren."

"Ka fasa mana, tsoho, wa ke so? Kaka, ka san goma tana da nauyi? Na ɗauke ta yau. Biyar ba ta kai ta nauyi ba. Malam Buzuzu ya ce gobe za mu ɗauki ashirin, amma sai mun zama mu biyu."

"Malam wa?"

"Malam Buzuzu."

Kifin da ke bakin Malam Zalɓe ya ƙi wucewa. Buzuzu! Wani ɗan baƙin ƙwaro da ke zaune a gangaren rafi, kan hanyar da yara ke bi in an tashi. Sana'arsa kowa ya sani, ba sai an faɗa ana cin abinci ba. Abin da ya faru shi ne, wata rana yara sun tsaya kallonsa yana mirgina curinsa da baya, suka yi ta dariya. Maimakon ya yi fushi sai ya ce su taimake shi su gaya masa curi nawa ya tara. Suka kama waƙa, ya ce a'a, shi kansa ba ya ɗaukar waƙa, kowane curi a taɓa shi a ba shi sunansa. Don kunyar iyayensu sai ya koma murza musu na yumɓu mai tsabta. Daga nan fa gangare ya zama wurin yini.

Washegari da aka tashi, Malam Zalɓe ya bi bayan yaran ya laɓe cikin ciyawar bakin rafi. In ana maganar tsayuwa ba motsi, zalɓe ba ya da na biyu. Ya ga ɗalibansa, waɗanda ke hamma a gabansa tun hantsi, sun baje a ƙasa kowa da aikinsa. Ɗan Zomo ya kafa kara yana auna inuwarsa da tsalle. 'Yar Bushiya na leƙa wake biyu da ta shuka, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin dutse. Wasu suna jera curin yumɓu goma-goma, in layi ya cika su yi shewa su fara wani. Buzuzu kuwa ba ya ma koyar da komai, abin da ya fi ba Malam Zalɓe haushi ke nan. Yaro ya yi tambaya, sai ya ce, "Wallahi ban sani ba. Gwada mu gani."

Can sai Lanti ta raba yumɓu gida biyu daidai. Ɗaya ta dunƙule, ɗaya ta fafe shi kamar ɗan kasko, ta bar su suka sha iska. Ta saka dunƙulen a ruwa, ya yi ƙasa. Ta ɗauki kaskon. Malam Zalɓe ya ce a ransa, wannan ma ai ƙasa zai yi, yumɓu yumɓu ne, ni da na ƙare rayuwata a cikin ruwa. Ta ɗora shi a hankali. Kasko ya zauna a kan ruwa yana lilo. Yara suka kwashe da ihu, Malam Zalɓe kuwa sai ya tsinci wuyansa ya miƙe ya fito daga ciyawa, baki buɗe, yana son a sake. Da ya ankara ya janye wuyan da sauri. Bai taɓa jin kunya da haushi sun haɗu masa wuri ɗaya irin na ranar ba, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne dariyar Lanti, don a gindin tsamiya bai taɓa jin ta yi irinta ba.

Ya jira yara suka watse, sannan ya fito yana taku ɗaiɗai kamar mai wucewa.

"Sannu da aiki, Buzuzu."

"A'a, Allah ya gafarta Malam! Yau kai ne a gangarenmu? Sannu da zuwa. Ai da ma ina ta son in zo gaisuwa, ƙafa ce gajera."

"Na ji an ce ka buɗe makaranta."

"Ni? Wane ni! Wasa ne kawai, Malam. Ni in ƙirga ta wuce ashirin sunayen ɓace mini suke yi. Yaran nan su ke gaya mini, kuma a bakinka suka ji. Shi ya sa nake cewa da za ka yarda da mun haɗa kai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai kana da sunayen, ni ina da laka. Kai, ga ma tsakuwar nan taka jibge ba ta aikin komai. Da za ka ara wa yara su jera ta, da sun ga dubu da idonsu. Ni kaina ina marmarin in ga yadda dubu take."

Buzuzu da zuciya ɗaya ya yi maganar. Amma Malam Zalɓe abin da ya ji shi ne, ƙwaron nan bai tsaya kan yara ba, har tsibin ma ya sa wa ido. Ya lissafa, saura kwana ashirin yaye. Ya hango tsakuwa goma sha huɗu a gaban Buzuzu, ta Lanti a sama. Ya buɗe fuka-fuki ya tashi, bai zame ko'ina ba sai gidan magatakarda.

Majalisa ta zauna bayan kwana uku a ƙarƙashin kuka. Gwanki ne shugaba, babba mai ƙaho, wanda ya yi suna wajen yanke hukuncin da ba zai hana shi kiwo ba. Aka ba Malam Zalɓe dama, ya gyara tsayuwa a ƙafa ɗaya.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa, ina gaisuwa. Allah ya sani ban zo nan don kaina ba. Ni me ya rage mini? Yaro dubu na yaye, ga shaida can a gindin tsamiya, ku da kanku kuka tabbatar. Don 'ya'yanku na zo. Ilimi abu ne mai daraja, a ka yake zama. Kakanninmu da baki suka karɓe shi, da baki suka miƙa mana, ba a taɓa jin wanda ya tashi daga karatu ya nemi ruwan wanke hannu ba. Yau an wayi gari wanda kowa ya san abin da yake turawa shi ke tara 'ya'yanmu a bakin rafi yana ce musu su gwada su gani. To, yaron da ya saba gwada laka, gobe maganar uwarsa zai gwada, jibi kuma hukuncin majalisa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ban ce Buzuzu mugu ba ne, maƙwabcina ne, ina ƙaunarsa. Amma wa ya yaye shi? A gaban wa ya ajiye tsakuwa? Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta, dajin nan bai rasa masu ƙirga ba kafin a fara murza yumɓu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na faɗa, na fita."

Maganar gwada hukuncin majalisa ita ta shiga kunnen Gwanki, har ya daina tuƙa. Ungulu, mai kula da tsaftar daji, wadda ta makara saboda wani mushe da ta tsaya dubawa, ta goge baki a fiffike ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni abin da ya dame ni ƙazanta. Na bi ta sama na ga yaran nan, hannu dumu-dumu, har tsigar jikina ta tashi. In cuta ta ɓarke wa za a kira? Ni za a kira. Ba na ƙin aiki, kowa ya san in an kira ni ina zuwa, wani lokaci tun ba a kira ba. Amma rigakafi ya fi magani. A raba yara da laka."

Aka ce Buzuzu ya kare kansa. Sai da aka ɗora shi a kan dutse sannan aka gan shi.

"Ranka ya daɗe, ni ba malami ba ne, ban kuma nemi tsakuwar kowa ba, ina zan kai ta? Ta fi ni nauyi. Yara ne suka tambaye ni abin da ban sani ba, muka duba tare. Jiya ɗan Zabuwa ya gaya wa uwarsa ƙwanta tara ne, tara ɗin ne kuwa. In laifi ne a yafe mini. Abin da nake roƙo, ko an hana ni, kada a hana su taɓawa."

Na baya ba su ji ba, na gaba kuwa suna kallon Gwanki su ga inda fuskarsa ta nufa. Hankaka ya rubuta cewa wanda ake ƙara ya yi 'yan maganganu. Hawainiya ta miƙe ta ce maganar Malam gaskiya ce tsantsa, ta Ungulu ma haka, ta Buzuzu kuma babu ƙarya a ciki, don haka ita tana bayan duk abin da shugaba zai faɗa, tun ma kafin ya faɗa.

Gwanki ya yi gyaran murya. "Majalisa ta saurari kowa. Majalisa ba ta ƙin ci gaba, kada a fita a ce mun ƙi. Koyo da hannu abu ne mai kyau, saboda kyansa ma bai kamata a bar shi a hannun kowa da kowa ba. An kafa kwamiti ya duba yadda za a yi shi cikin tsari, Malam Mai Dubu ne shugaba. Kafin kwamiti ya kawo rahoto, kada yaro ya taɓa yumɓu. Tsakuwar yaye a gaban malamin da majalisa ta sani kaɗai za a ajiye ta. Buzuzu kuwa muna yaba ƙoƙarinsa, mun ɗaga darajarsa, mun naɗa shi wakilinmu a bayan duwatsu, ya tashi gobe."

Bayan duwatsu tafiyar wata guda ce ga mai ƙafa irin ta Buzuzu. Ya yi godiya, don an ce masa girma ne.

Malam Zalɓe ya koma gindin tsamiya da nasara. Don kada a ce kwamiti ba ya aiki, ya ƙara sabon darasi. Ya ce, "Dunƙule ya nutse," yara su ce, "Ya nutse." Ya ce, "Kasko ya tashi," su ce, "Ya tashi." Hannun kowa fes. Sai dai nasarar ba ta yi masa daɗin da ya zata ba. Ya rage cin kifi, ya rage wasa, in ya dubi yaran sai ya ga kamar gangare suke tunani, ko da kuwa yunwa ce ke damunsu. Kishin wanda ba ya nan ya fi wuya, don ba ka da wanda za ka harara.

Lanti ta lura kakanta ya rame. Ba ta san abin da aka yi a majalisa ba, an dai ce musu Malam Buzuzu ya sami girma ya tafi. Ita a ganinta tsufa ne da gajiya ke damun tsohon, sai ta tara 'yan'uwanta suka shirya masa abin da zai faranta masa rai. An hana su yumɓu, amma ba wanda ya ce kada a taɓa tsakuwa, don ba wanda ya taɓa zaton wani zai yi.

Ranar yaye da sassafe Malam Zalɓe ya tafi rafi ya yi wanka, ya gyara kowane gashi, sannan ya wuce ya taro 'yan majalisa. Suka taho a jere, Gwanki a gaba, iyaye a baya. Da suka iso gindin tsamiya, babu tsibi. Tsakuwa ce shimfiɗe a ƙasa, an wanke ta tana ƙyalli, an jera ta goma-goma, kowane layi goma an ware shi gefe kamar fangalin lambu. Fangali uku cikakku, sai layi ɗaya, sai 'yan ƙwayoyi bakwai a ƙarshe. Yara goma sha huɗu na tsaye a gefe suna murmushi.

Lanti ta fito da gudu. "Kaka! Mun ƙirga maka! Ɗari uku da goma sha bakwai! Sau biyu muka yi, duk daidai. Da sunayen da ka koya mana muka yi. Kaka, kowace ɗaya fa yaro ne, dubi yawansu! Ga ta babata ma, na gane ta, mai jan nan da ta gaya mini."

Malam Zalɓe ya dubi tsakuwar. Bai taɓa ganinta haka ba, ɗaya-ɗaya, kowace da wurinta. Ya gane mai jan nan, ya gane wata fara da wani ɗan gada ya kawo shekarar da rafi ya ƙafe, ya gane wata da aka ajiye masa ana kuka. Ɗari uku da sha bakwai. Ya ji a ransa cewa ba kaɗan ba ne, rayuwa guda ce cur. Idonsa ya ciko. Amma ya ga yadda aka jera ta, ya san hannun wa ke ciki, duk da mai hannun yana can kan hanyar bayan duwatsu.

Hankaka ya matsa kusa da Gwanki ya yi masa raɗa. Ba sunan Malam kaɗai ke ƙasa ba, majalisa ce ta ce dubu, an yi biki, an ci an sha. Gwanki ya juyo.

"Malam, kai ne masanin ƙirga a dajin nan. Dubu ce ko ba dubu ba?"

Kowa ya zuba masa ido. Lanti ma tana kallonsa, har yanzu da murmushinta, tana jiran ya ce Allah ya yi mata albarka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Malam Zalɓe ya gwada. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya kau da kai daga jikarsa.

"Dubu ce, ranka ya daɗe. Yarinya ce, ta yi kuskure. Irin abin da nake gudu ke nan."

"Madalla," in ji Gwanki. Ya sa kofato ya tattara tsakuwar, ta koma tsibi. Hawainiya ta ce ita da ma tun daga nesa ta ga dubu. Nan take aka ƙara doka cewa tsibin Malam kayan tarihi ne, ba a taɓawa, ba a ƙirgawa.

Aka fara yaye. Lanti aka fara kira, don jikar malami ce. Ta taho da tsakuwarta a baki, ba gudu, ba murmushi. Ta ajiye a gabansa kamar yadda doka ta ce. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji.

"Ɗari uku da sha takwas, Malam."

Bai ɗora ta a ƙololuwa ba, ya rasa ƙarfin sunkuyawa. Daga ranar Lanti ba ta sake ce masa tsoho ba, ba ta sake kawo masa tambaya ba. In sun haɗu takan rusuna ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa manya. Shi kuma ya ci gaba da kewaya tsibinsa sau uku kowace safiya, sai dai yanzu ba ya kallonsa in yana kewayawa. Kwamiti yana nan yana zama.

Shekaru sun shuɗe, duk damina ana yaye yara, kowa na ajiye tasa. Tsakuwar Malam dai dubu ce, kuma har yau ba ta zama dubu da ɗaya ba.